Sallah Biyu, Zabo Ɗaya

Duk wanda ya tambayi Inna inda nake, amsarta ɗaya ce: ina ƙasar waje ina koya wa mutane Ingilishi. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Abin da dai ba ta ƙarawa shi ne, ƙasar wajen nan mai babur yakan kai mutum ya dawo bai rasa sallar azahar ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, ni kuwa ina aiki a Dungas, cikin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Hausa ɗaya muke yi da su, gero ɗaya muke ci, ko agogo ba a gyarawa in an tsallaka. Layin da Ingila da Faransa suka shata a 1906 ne ya ratsa tsakanin gonaki, shi ya mai da ni ɗan ci-rani na ƙasa da ƙasa.

Yadda aka yi na samu aikin, bayan na gama kwalejin horon malamai ta Gumel na yi ta yawo da takardu har suka fara yagewa a wurin ninki. Sai wani ɗan uwan Inna mai fataucin shanu a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya ce wata makaranta mai zaman kanta tana neman malamin Ingilishi. Can da Faransanci yaro yake fara karatu, Ingilishi sai ya shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandarensu, kuma yana cikin jarrabawar BEPC da suke zanawa a ƙarshen shekara ta huɗu. Ni kuwa Faransancina bai kai na roƙon ruwa ba. Darakta yakan kira ni ofis ya yi mini dogon jawabi da Faransanci, don dai a san shi ne darakta, ina gyaɗa kai, sannan mu fito gindin darbejiya ya maimaita mini da Hausa. Maki kuma a kan 20 suke ba da shi, wanda ya samu 10 ya tsira. Ranar da na fara gyaran takardu na ba wani yaro 65, uban da kansa ya zo makaranta ganin abin da ya haifa.

Shekarar karatunsu daga Oktoba take zuwa Yuni, saboda haka Ƙaramar Sallar 2022 ta faɗo ana tsakiyar shirin jarrabawa, ga bazara ta kai intaha. Darakta ya ce in je gida in dawo Laraba, ya kuma ɗora mini tulin takardun gwajin 'yan aji huɗu in gyara a can. Lissafina mai sauƙi ne. Lahadi in yi sahur in kama hanya, in isa gida jajibere, in yi aski, Litinin a yi Idi da ni a filinmu. Sabuwar shaddata fara tana rataye a ƙusa, tela ya cika alkawari, abin da ya kamata tun nan in gane cewa shekarar ba ta lafiya ba ce.

Daren Asabar 30 ga Afrilu, an kai azumi 29, muna zaune ƙofar gida bayan isha'i, maigidan da nake haya a wurinsa yana fifita gawayin shayi, sai muka ji guɗa daga wata unguwa. Can sai ganga. Aka murɗa rediyo, aka ce an ga wata a Nijar, gobe Lahadi take Sallah. Na ɗauki waya na haye tudun bayan gari, inda in ka juya fuskarka kudu ka ɗaga hannu sabis ɗin Najeriya yakan leƙo.

"Inna, barka da shan ruwa. An ga wata."

"Wane wata?"

"Na Sallah mana."

"To mu nan Sarkin Musulmi ya ce ba a gani ba, a cika talatin. Sai jibi. Kai dai ka taho, kar ka manta da cukuna."

Da asuba na tashi da niyyar in bi mutanen gidanmu in ɗauki azumi, maigida ya tare ni a bakin randa ya ce haramun ne azumi ranar Idi, in kuma ina musu ga malamai nan birjik. Ban yi musu ba. Gaskiya ban ma nemi malaman ba. Ya miƙo mini dabino na ci, na zura shadda, na kafa hula, muka tafi filin Idi.

Mutanen Nijar suna girmama malamin makaranta, wannan ba zan ɓoye ba. Kafin in dawo daga Idi kwanuka sun yi layi a ƙofar ɗakina: tuwon shinkafa, fankasau, taliya da miya, dambu. A ƙarshe wani yaro ɗan aji huɗu, wanda a duk makarantar babu wanda Ingilishi ya ƙi kamarsa, ya shigo da ƙunshi a takardar buhun siminti ya ce in ji uwarsa. Na buɗe, soyayyen zabo ne sukutum, an barbaɗe shi da yaji, mai yana naso. Na ci na kowa don kada a ce na raina wani gida. Zabon kuwa na ce na Inna ne, na naɗe shi na tura cikin jaka, a kan takardun gwaji, na ɗora cuku da ɗan dabino. Na jefa ɓarin goro a baki na hau kabu-kabu.

A ɓangarensu na iyaka kowa fuska a sake, ana sakace, ana barka da Sallah. Wani ma'aikaci ma sai da ya tsiyaya mini shayi. Muka ɗan gota kaɗan muka iske namu, leɓe ya bushe, ido ya faɗa, kowa ya lafe a inuwa yana jiran rana ta yi masa adalci. Wanda ya karɓi katina ya dubi hoton, ya dubi shaddata, sannan ya tsaya a kan bakina.

"Malam, goro kake ci?"

Na haɗiye shi ɗungurungum. Har yau in na tuna sai na ji shi a maƙogwaro.

"Can aka yi Sallah, yallaɓai."

"Can," in ji shi, ya nuna arewa da haɓa. "Nan kuwa Ramadan ne. Allah Ya kiyaye hanya."

Lahadi ba ranar kasuwa ba ce, mota sai an jira. Da ƙyar wata tsohuwar Golf ta cika a tashar Maigatari, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, jakata a kan cinya. Ƙarfe ya ɗau zafi, zabo ya ɗumama, ya fara sanar da kansa. Duk wanda ya taɓa azumi a bazara ya san hancin mai azumi ba irin na sauran mutane ba ne. Wata tsohuwa da ke gefena ta ja numfashi sau biyu ta ce, "Wai wane marar tsoron Allah ne ya shigo mana da suya?" Direba ya leƙo ta madubi. Na ce kayan buɗa-baki ne nake kai wa mahaifiyata, aka shiga sa mini albarka, tsohuwar har da cewa irinmu sun yi ƙaranci a zamanin nan. Ana cikin sa albarkar motar ta faɗa wani rami, gyatsa ta kuɓuce mini, mai ɗauke da cikakken bayanin miyar gida huɗu. Ba wanda ya ƙara magana har na sauka. Tsohuwar dai ta janye mayafinta daga jikin shaddata.

Ga kuma ƙishirwa. Wannan ita ce ba wanda zai tausaya maka a kanta. Mai azumi ya sha ruwansa da asuba ya shirya wa yini, ni kuwa na cika ciki da yaji da mai da goro na shigo rana, ga ledar ruwa a aljihun jaka ina jin sanyinta a gwiwa, ba halin taɓawa.

Na shiga gari ana shirin la'asar. Yara suka rugo suna "Ga Ticha! Ga Ticha!" suka karɓi jaka, na ƙwace abata. Ka san mutum cikin farar shadda mai sheƙi da hula da turare, a ranar da kowa yake cikin tsohuwar riga yana jan ƙafa, dole a kalle shi. Kakanmu na wajen uba yana kishingiɗe gindin durumin ƙofar gida. Shekaru sun ja, kunne ya yi nauyi, amma azumi bai taɓa barin ko ɗaya ba, ko da an ce masa an ɗauke masa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya shafa hannun rigata ya ce, "Kai kuma wannan ado na mene ne? Aure ka ƙara?"

Na ce, "A'a Kaka, can Nijar an yi Sallah."

"Iye?"

"Can an yi Sallah!"

"Ka ce me?"

Na cika ƙirji da iska, irin muryar da nake tsawata wa 'yan bayan aji, na ce, "AN YI SALLAH!"

Kaka ya ce, "Alhamdu lillahi," ya jawo butar alwalarsa ya kafa kai.

Kafin in kama butar, Goggo ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Maƙwabta suka amsa. A ƙauye labari ba ya bukatar mota. Nan da nan aka ce Ticha ya zo da labarin wata, aka ce daga ƙasar waje aka aiko shi, aka ce a waya aka bugo masa daga Makka. Yara suka ɗauko gwangwanaye suka hau kiɗa. Mai shayin bakin masallaci ya hura wuta. Samari kuwa, Allah Ya shirye su, da dama ba su tsaya neman tabbaci ba, randar masallaci suka yi wa dirar mikiya. Ina gudu gida gida ina cewa ba haka nake nufi ba, shadda tana harɗe ni, sai na hango sarkin fawa da yaransa sun ja bijimin watandar gari zuwa bayan makarantar allo, an riga an ɗaure ƙafafun baya. Bijimin da magidanta suka yi wata da watanni suna tara kuɗinsa. Da na makara kaɗan, da naman Sallar gari guda ya kwana cikin zafin Mayu ba firji ba wuta.

Ladan ne ya kashe wutar, ya hau lasifika ya ce jama'a a kame baki, ba a ga wata ba, Ticha kuma ana nemansa a ƙofar Maigari.

Na iske zaure ya cika. Maigari a kan buzu, Liman a damansa, dattawa sun jeru, samarin da suka sha ruwa suna can baya, su ne ma suka fi kowa nuna ɓacin rai. Na zube na yi gaisuwa.

Liman ya ce, "Malam, kai ka ga watan da idonka?"

"A'a, Allah gafarta malam, a rediyo na ji."

"Rediyon wa?"

"Na Nijar."

"To kai ɗan ina ne?"

Kafin in amsa, Baffa ya gyara zama. Baffa tun yana saurayi yake kai gero da wake Damagaram, kuma duk gardamar da ta shafi iyaka tasa ce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in yi tambaya. Daga nan zuwa Dungas, da daga nan zuwa Sakkwato, ina ya fi kusa? Hadarin da ya taso musu shi yake zubo mana. Farar da ta ci geronsu, da ta gama namu take yi. Da aka rufe iyaka a 2019 har zuwa Disambar 2020, akwai wanda ya ga an tare iska ko tsuntsu? Sai wata ne kaɗai za a ce ya tsaya a shingen Maigatari a duba masa takardu?"

Aka yi dariya, ta masu azumi, marar ƙarfi. Liman bai yi ba. Ya ce wata na Allah ne, amma sanarwa ta shugaba ce, mu kuma Sarkin Musulmi muke bi, in kowane ƙauye zai bi rediyon da ya fi kama masa, to a gida ɗaya sai a yi Sallah uku. Baffa ya ce a zamanin iyayensu in mahayi ya zo daga garin da ke kusa ya ce an gani, shi ke nan. Liman ya ce mahayi mai shaida, ba mai gyatsa ba. Ashe labarin mota ya riga ni isowa.

A raina na ga kowannensu da gaskiyarsa, kuma na lura wannan gardama ba ranar aka fara ta ba, kusan duk shekarar da Nijar ta riga mu sai an yi ta a garuruwan bakin iyaka. Bambancin kawai, bana sun samu wanda za su nuna da yatsa.

Aka zo lissafin ɓarna. Kaka ya sha, Goggo ta sha, mai shayi ya ɗanɗana sukari, samari ba su ƙirguwa. Liman ya ce duk wanda ya sha ya rama yini ɗaya bayan Sallah, babu kaffara tun da ba da gangan suka keta alfarmar watan ba. Wani daga baya ya ce ai kaffarar a wuyan Ticha take, ya ciyar da miskinai sittin, tun da sefa yake ɗauka. Na waiga, abokina ne da muka yi makarantar allo tare, leɓensa har yanzu da danshi.

Sai aka dawo kaina. Wani dattijo ya ce in kame baki tare da jama'a. Wani ya ce ina amfanin kame baki ga wanda ya riga ya cinye Dungas. Liman ya yanke, ya ce, "Kai yau a garin nan ba mai azumi ba ne, ba kuma mai Sallah ba ne. Ka tafi gida ka tuɓe rigar nan, kada a ga bakinka yana motsi, da ci ko da magana."

Na yunƙura zan tashi, Maigari, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ɗaga hannu.

"Me ke cikin jakar nan?"

"Takardun yara ne, ranka ya daɗe."

"Takardun Faransa da yaji ake rubuta su?"

Aka zare ƙunshin. Aka buɗe shi a tsakiyar zaure, gaban dattawan da suka yi sa'a goma sha ba su sa komai a baki ba. Na ji wani ya yi salati a hankali. Maigari ya ce barin irin wannan abu a hannun wanda ya riga ya jawo fitina sau ɗaya ganganci ne, a ajiye shi a nan har magariba. Inna dai fiffike ɗaya ya iso mata bayan sallah, a cikin murfin kwano, da saƙon Maigari yana gaishe ta.

A gida na tarar da maiɗakina zaune a tabarma, hannu da ƙafa cikin ledar lalle. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Da na kawo maka ruwa, to ban san matsayinka ba." Inna ta karɓi cukunta ta juya shi ta ce, "Ni na ce ka taho, ban ce ka taho da Sallah ba."

Ƙishirwa fa ta kai ni maƙura. Na faki ido na ɗauki moɗa, na ɗebo daga randa, na zaga bayan rumbu na tsuguna kamar ɓarawon kaji. Kurɓa ɗaya na yi, ta biyu tana hanya, sai na ji an ce, "Laa!" 'Yata ce, wadda bana ta fara rabin azumi, kuma take ɗaukar abin da zafi fiye da Liman. Na ɗora yatsa a baki. Na nuna mata dabino. Ta karɓi dabinon ta ƙulle a gefen zane, sannan ta haye turmi ta leƙa ta kan danga ta sanar da unguwa cewa Baba yana shan ruwa a bayan rumbu.

Litinin 2 ga Mayu aka yi Sallar gida. Shaddata ta sha ƙurar Dungas da gumin Golf da ƙasar zauren Maigari, aka wanke ta da dare, ta wayi gari ba sheƙi ba ƙarfi. Kowa ya fito fes cikin sabon ɗinki, ni ɗan ƙasar waje na fito da wankakkiya. A hanyar Idi duk wanda muka haɗu sai ya ce, "Ticha, a maimaita ne?" Zakkar fidda-kai na riga na auna gero a Dungas, na zo na tarar Inna ta sa an auna da ni a gida, ta kuma ce in biya ta geronta. Goron Sallah ma sau biyu. Takardun naira na rabar da su tun a tasha, saura silallan sefa, su kuwa yaranmu sun tashi ba su san kuɗin ƙarfe ba. Na ba wani dala ashirin, ya juya ta, ya cije ta, ya dawo mini da ita ya ce mai alewa ya ce wasa nake. Aka tafi kallon hawan Sarkin Gumel, ni na ce kaina yana ciwo. Kaka kuwa da aka gaya masa hukuncin Liman, da ƙyar aka samu ya ji, da ya ji kuma ya ce shi ba ya rama komai, wanda ya ce a sha shi zai rama.

Sai daren Talata na tuna da aikin darakta. Na kunna fitila na zaro takardun. Man zabo ya ratsa takardar siminti ya bi su tun daga ta sama har kusan tsakiya, sun zama garai-garai, kana ɗaga ɗaya kana hango rubutun ta ƙasa. Jan biro ya ƙi kamawa a kan mai. Tururuwa kuma ta riga ni fara gyara, ta cinye amsar tambaya ta uku ta wata yarinya ɗungum. Haka na bi gefe gefe inda ya bushe ina sa maki, ina kore kyanwar Inna.

Ranar Alhamis na raba musu a aji. Kowa ya karɓi tasa da yatsa biyu. Darakta ya leƙo, ya shaƙi iska, ya faɗi wata doguwar magana da Faransanci wadda har yau bai fassara mini ba. Yaron nan ɗan gidan zabo ya samu 8. Ya kai takardar hanci ya sunsuna, ya ɗaga hannu.

"Ticha, wannan yajin innata ne."

Na ce ya faɗa da Ingilishi in ƙara masa biyu ya tsira.

Ya miƙe, ya buɗe baki, ya dubi rufi, ya dubi allo. Can ya ce, "Ticha, bar shi a takwas ɗin. Da Babbar Sallah cinyar rago za ta aiko."